A KAFA ZANGON KWANA A MATSIRGAR GURARA

Cikin baiwar da Allah ya yi wa ƙasar nan har da matsirgar ruwa, watau wuraren da kogi yake gangarowa ya faɗo daga kan dutse. Akwai Farin Ruwa kusa da Wamba a Jihar Nasarawa, da Matsirga a gefen Kafancan, da Asop a Hawan Kibo, ga kuma Gurara a Jihar Neja, wadda ake ratsewa a shiga wurinta daga hanyar Suleja zuwa Minna. A Gurara ruwa yakan faɗo daga tudu mai tsawon misalin mita 30, kuma idan damina ta yi nisa tun daga nesa ake jin rugugin faɗuwarsa. Amma abin takaici, ma'aikaci zai yi shekaru a Abuja, ɗalibi zai gama karatun labarin ƙasa ya ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa kwana ɗaya a gindin wannan ruwa.

Ra'ayinmu shi ne hukuma ta kafa zangon kwana mai sauƙin kuɗi a dajin da ke kewaye da Gurara. Ba muna nufin babban otel mai hawa-hawa ba, wanda zai cinye miliyoyi kuma ƙaramin ma'aikaci ba zai iya biyan kwana ɗaya a cikinsa ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: fili sharararre a kan tudu inda za a kafa tanti, da rijiyar burtsatse, da masai, da murhun dutse don kada wutar girki ta kama daji da rani, da ɗakin shan magani, da masu gadi waɗanda albashinsu ba ya makara. Wanda ya zo ya zo da tabarmarsa da gidan sauronsa da garinsa, ya biya 'yan kuɗi kaɗan. Mun ga misali a Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Zangon Wikki ne ya sa baƙi suke kwana a can, ba su leƙa da rana su juya ba.

Mun san masu karatu za su ce yanzu wane uba ne zai bar ɗansa ya kwana a daji? Wannan magana tana da ƙarfi, domin ba a manta da ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara da aka sace a wannan jiha a watan Fabrairu na 2021 ba. Saboda haka tilas tsaro ya riga kome, kuma kada a kai yaro ko ɗaya sai an tabbatar da shi. Amma a lura, dajin da hukuma da mutanen kirki suka ƙaurace wa shi ne ɓarayi suke mai da shi gida. Inda akwai masu gadi dare da rana, da hanya mai kyau, da mutanen ƙauye masu cin abinci daga zuwan baƙi, mugu ba ya sakewa, don kowa yana da abin da zai yi asara in wurin ya lalace. Shi ya sa ya kamata aikin gadi da jagoranci da sayar da itace da abinci ya zama na mutanen yankin.

Ban da ɓarayi, ruwan kansa abin tsoro ne. Duwatsun wurin suna da santsi, kuma ruwan sama da aka yi a can sama yana iya cika kogi farat ɗaya alhali a nan gari garau yake. Lalle a hana wanka da damina, a kafa alamu da Hausa da Gwari da Turanci, a kuma nisanta wurin kwana daga gaɓa. Haka kuma akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu bisa duwatsu, wanda cizonsa ke kawo makantar da ake samu a ƙauyukan bakin kogi. Ya kamata ma'aikatan lafiya su duba wurin kafin a buɗe, don rigakafi ya fi magani.

Amfanin abin ga ɗalibai a fili yake. Yaron da ya ɗebo ruwa da kansa, ya hura wuta, ya share wurin da ya kwana kafin ya tashi, ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba. Zai kuma gane cewa wannan kogi ne aka datse a Jihar Kaduna ana tura ruwansa ta bututu zuwa madatsar Usuma don mutanen Abuja su sha, ashe sare itatuwan gaɓarsa ɓarna ce da za ta iske shi har cikin gida. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja da ma'aikatun ilmi da na gandun daji su haɗa kai su fara da zango ɗaya, da rani, da 'yan Sikawut da ɗaliban manyan makarantu. In ya yi kyau, sai sauran jihohi su yi koyi. Allah ya ba mu zaman lafiya.