Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Kowa

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili makon jiya akwai ta wani dattijo daga Zariya, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki bayan shekara 35. Ya ce 'ya'yansa sun haɗa kuɗi za su biya masa shi da uwargidansa su tafi hutu cikin irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu yawo da mutane daga wannan birni zuwa wancan har mako guda. Ya ce shi iyakar saninsa da ruwa kwalekwalen da ya taɓa shiga a Lokoja, don haka yana neman shawara tun yara ba su zuba kuɗinsu ba. To, Malam, matambayi ba ya ɓata. Ga abin da ya sawwaƙa, kuma na tabbata amsar za ta amfani wasu da dama ban da kai.

Da farko ya kamata a san irin tafiyar. Dattawanmu za su tuna da jirgin nan Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 har zuwa 1974, tafiyar kusan mako biyu. Wancan jirgin sufuri ne, ana shigarsa don a isa wani wuri. Na yanzu kuwa masauki ne sukutum yake tafiya bisa ruwa. A ciki za ka kwana, a ciki za ka ci, da dare ya yi tafiya, gari na wayewa ka gan ka a bakin wani birni, ka sauka ka yi yawo, da la'asar ka komo. Wani da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, yana kuma iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Amma tun da Aureol ya daina zuwa, babu jirgin fasinja da ke tashi daga Apapa zuwa Turai a kai a kai, saboda haka tilas ka hau jirgin sama ka je ka tarar da jirgin ruwan a tasharsa.

Babbar shawarata ita ce, a fara da takardu kafin a taɓa aljihu. Dalili kuwa shi ne, tafiya guda ce amma ƙasashe da yawa za a ratsa, kowace kuma da ƙa'idarta game da mai fasfon Nijeriya. Ɗauki misalin jirgin da zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen ya zaga Bahar Rum. Sifen da Faransa da Italiya da Malta da Girka duk biza guda suke amfani da ita, watau ta Shengen, wadda ƙasashe 29 suka yi tarayya a kanta. Amma da zarar jirgin ya ratse Tunisiya ko Turkiyya, to, ka fita daga yankin Shengen ke nan, kuma komowa Italiya washegari shiga ce ta biyu. Wanda aka ba bizar shiga sau ɗaya ya shiga uku. Kada ka ce ai sai ka zauna cikin ɗaki ka ƙi sauka a can. Kamfanonin sukan duba takardun dukkan tashoshi tun ranar hawa, in ɗaya ta gaza a hana ka shiga, kuɗinka kuwa ya tafi ke nan, don sharaɗin tikiti ya ɗora nauyin biza a wuyan fasinja.

Saboda haka ka sa a ba ka jerin tashoshin a rubuce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi ofishin jakadancin kowace ƙasa da kanka. Kada ka tsaya ga maganar dillalin tafiya kaɗai, don shi burinsa ya sayar. Bizar Shengen ana iya nemanta tun saura wata shida a tafi, kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, kuma sai an nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ka nemi ta shiga sau da yawa, ka haɗa da jerin tashoshin don su ga dalili. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar komowa. Katin rigakafin shawara kuma kada a manta da shi, musamman in Masar ko Afirka ta Kudu aka nufa. Sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta wadatar har iyakar rayuwa.

Daga nan sai zaɓen hanya, kuma ga mai fita karo na farko, hanya mai ƙarancin takardu ita ce mafi alheri. Jiragen tsibiran Karibiyan yawancinsu daga jihar Florida ta Amurka suke tashi. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, daga baya ma ta ƙara tsananta sharuɗɗa, ga kuma lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba. Ni dai ban ba ka shawarar farawa da can ba. Bahar Rum ya fi daɗi a watannin Mayu da Satumba, sa'ad da zafi da cunkoso suka yi sauƙi. Daga Durban ta Afirka ta Kudu akwai gajerun tafiye-tafiye na kwana uku ko huɗu zuwa gaɓar Mozambik, wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Wanda kuma yake tsoron igiyar teku, ga Kogin Nilu. Ƙananan jirage suna tafiya tsakanin Luksor da Aswan cikin kwana uku ko huɗu, suna tsayawa a Edfu da Kom Ombo a ga gine-ginen Fir'aunoni. Ƙasa ɗaya ce, biza ɗaya, ruwa a kwance, gaɓa kuma ba ta ɓace maka da gani. Lokacinta daga Oktoba zuwa Afrilu, kafin zafin Masar ta Kudu ya kankama. Ko wace hanya ka zaɓa, kada tafiyar farko ta wuce kwana bakwai. Ka kuma sani kamfani yana da ikon sauya hanya, kamar yadda da yawa suka kauce wa Bahar Maliya bayan hare-haren da aka fara kai wa jirage a ƙarshen 2023.

Sai batun kuɗi, inda Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, wanda ya tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki. Wannan kuɗi ya ƙunshi ɗaki da abincin manyan ɗakunan cin abinci da wasannin nishaɗi. Ban da shi akwai harajin tashoshi, da tukuicin ma'aikata wanda ake rubuta maka kullum ko ba ka ce ba. A manyan kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 15 zuwa 20 a kan kowane mutum, watau in an ɗauki dala 18, kai da uwargida a kwana bakwai dala 252 ke nan. Lemon kwalba da intanet da wanki da yawon gari a mota duk da kuɗinsu dabam. Ba a cinikin hannu a cikin jirgi. Kati guda za a ba ka, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi kuma ake rubuta duk abin da ka saya, a tara maka lissafi ranar sauka. Mutum yakan yi ta miƙa kati kamar kyauta ake ba shi, sai daren ƙarshe ido ya raina fata. Ka riƙa duba lissafinka kowace safiya. Wayarka kuma ka rufe mata hanyar sadarwa da zarar an bar gaɓa, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam take bi, tsadarsa kuwa ba a magana. A ƙarshe ka karanta sharaɗin fasa tafiya, gama abin da ake mayarwa yana raguwa ne yayin da rana ke matsowa, har ya kai ba a mayar da ko kwabo.

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, da mai taga, da mai baranda, da babban ɗaki na masu hali. Na ciki ya fi araha, amma ba ka sanin dare ko rana sai da agogo. Mai gudun hajijiya da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Dattijo mai ciwon gwiwa ya nemi kusa da na'urar hawa bene, gama tsawon jirgin ya fi filin ƙwallo uku.

Yanzu ga maganar da na ɗauko kan wannan shafi daga gare ta. Jirgin ruwa yana da lokacin da aka yanka masa a kowace tasha, ba ya kuwa jiran kowa. Ka isa birnin da za a tashi aƙalla kwana guda kafin ranar, don jinkirin jirgin sama na sa'a biyar ya isa ya cinye kuɗin da yara suka tara. A kowace tasha ana rubuta lokacin komowa a bakin ƙofa, yawanci rabin sa'a kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin. Wanda ya bi motar yawon da kamfani ya shirya, in ta makara za a jira ta. Wanda ya ɗauki tasi don kansa ya shige kasuwa yana taya kaya, in ya makara sai dai ya hangi jirgi yana nisa, ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Lokacin biki irin namu, na a ce ƙarfe huɗu a zo ƙarfe shida, a bar shi a gida.

Game da lafiya, akwai likita a cikin jirgi amma ganinsa da tsada, don haka inshorarka ta ƙunshi jinya a teku da ɗauke marar lafiya zuwa asibiti. Magungunan hawan jini ko na sukari ka riƙe su a jakar hannu cikin kwalinsu na asali, tare da fasfo da tufafi na canji, saboda manyan akwatuna sukan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 kafin a sauka, ko jaririn da bai kai wata shida ba. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci wajibi ne, gama cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda. Ranar hawa kuma za a kira kowa a nuna masa wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto. Kada ka raina wannan. Bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka halaka, aka mai da shi doka a yi wannan bayani kafin a tashi ko da zarar an tashi.

Abinci kuwa, ka sanar da kamfani a rubuce tun makonni kafin tafiya cewa ba ka cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, ka tambaya ko suna da naman halal. In babu, kifi da ƙwai da shinkafa da ganyaye ba sa yankewa. Galibin jiragen nan akwai mashaya da gidan caca a cikinsu, gara ka sani tun daga gida. Kamfanin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a watan Disamban 2024, an tsara jirginsa da abincin halal da wurin salla. A sauran jirage sai ka tafi da dardumarka, ka duba akwatin talabijin na ɗaki inda ake nuna wurin da jirgi yake da inda ya sa gaba, don alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi. Hukuncin ƙasaru kuma ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Kilishi da dambun nama a bar su, gama Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama. Dutsen guga da butar lantarki su ma karɓe su ake yi a bakin ƙofa don tsoron gobara.

To, Malam, shirin zaune ya fi na tsaye. Ka tara yaran ku zauna da takarda da alƙalami, ku rubuta tashoshi, ku tabbatar da biza tana samuwa, ku ƙara kuɗin jirgin sama da masauki da tukuici a kan na tikiti, sa'an nan a biya. In lissafi ya ƙi, a fara da Kogin Nilu, teku tana nan ba inda za ta. Allah ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya, in kun dawo kuma a rubuto mana labari.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.