Kafinta, Ka Auna Bututu Kafin Ka Sayi Injin Ƙura

 Yau maganata a kan garin katako ne, da kuɗin da ake zubarwa wajen neman maganinsa.

Na ga mutum ya tara kuɗi ya sayo injin zuƙar ƙura, ya kawo gida da murna. Da aka zo ga bututu sai rowa ta tashi, ya nemo tiyo mai inci biyu ya ja shi ƙafa ashirin har bakin zarto. Inji yana ta ruri, mai yana ƙonewa a janareto, ƙura kuwa tana nan a gashin idonsa. Sai ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. To ni dai na ce ba a cuce shi ba, shi ya shaƙe injinsa da hannunsa.

Ku sani wannan inji ba ƙarfin tsotsa gare shi ba, yawan iska yake ja, iska kuwa sai da hanya. Lissafin ba wuya. Bakin bututu mai inci 2 rubu'in na inci 4 ne, ba rabi ba. Na inci 6 kuma ya fi na inci 4 ninki biyu da ɗoriya. Masana sun ce kafin iska ta ɗauki ɓarɓashin katako ba tare da ya kwanta a hanya ba, sai ta yi gudun ƙafa 3,500 zuwa 4,000 a minti guda. A wannan gudu bututun inci 4 yana ɗaukar iska misalin ƙafa 350 ta murabba'in akwati a minti, na inci 6 kuwa kusan 800. Saboda haka wanda ke da inji mai ƙarfin doki biyu ko fiye, uwar bututunsa ta zama inci 6, sai a bakin zarto ko injin fere katako a rage in ya zama dole.

Amma fa kada wani ya ji haka ya ɗaura wa ƙaramin inji mai doki ɗaya ƙaton bututu. Iskar za ta yi sanyin jiki, gari ya kwanta a ciki ya toshe. Kowane jaki da kayansa.

Sai maganar lanƙwasa. Duk inda bututu ya karya kwana kamar gwiwar hannu, nan iska ke gajiya. Gara a yi kwanar a hankali da mahaɗi biyu masu digiri 45. Inda reshe zai shiga uwar bututu, ya shiga a karkace yana bin inda iska ta nufa, kada ya soke ta a tsaye. Tiyon roba mai zobe-zobe kuwa, shi ne babban ɓarawo, don cikinsa ba sumul ba ne. A bar shi ɗan guntu a bakin inji kawai. Kowane reshe a yi masa ƙyaure na zarewa, in kana aiki da zarto ka rufe sauran, iska duka ta taru wuri guda. Injin da ya fi zubar da gari, watau na fere katako, shi za a ajiye kusa da mazuƙi. Duk wannan a zana shi a ƙasa da alli kafin a je kasuwa, sa'annan a ƙirga mahaɗai.

Fayif ɗin roba na magudana yana yin aikin, ya fi araha, illa dai lokacin hunturu yana tara lantarki ya ɗan fizgi hannu. Na kwano ya fi, in dai ba mai laushi ba ne, don siririn kwano yana iya moƙaɗewa in an rufe ƙyamare duka inji na ja.

Wani zai ce kakanninmu sun sassaƙa turmi ba su mutu ba. Gizago ɓawo yake fitarwa, malam, ba gari ba. Ƙurar da ke cuta ita ce wadda ido ba ya gani sai a hasken taga. A Ingila, cikin shekarun 1960, likitoci suka lura da yawan sankarar hanci wajen masu yin kujeru na garin High Wycombe. A 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo cutar. Obece da loko da muke saye kullum kuwa an san ƙurarsu da tayar da asma. A shagon gida ba kai kaɗai ke shaƙa ba, har mai ɗaki da yara.

Don haka buhun yadin da ke zuwa da inji mai araha ban yarda da shi cikin ɗaki ba: yana kama manya, ya feso ƙanana. Ko a sa matata mai kama gari har maikuron ɗaya, ko a kai injin waje nesa da tagar maƙwabci. A kafa durom mai mazurari a gabansa, ɓarɓashi ya faɗa ciki kafin ya isa fanka. Wannan durom ma kuɗi ne, masu kiwon kaji suna sayen ɓawon fere don shimfiɗa. Sai dai a ware garin MDF, akwai gam a cikinsa, kada a haɗa musu.