Inshorar Biza Ba Ta Biyan Jirgin Da Aka Soke

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan kasuwa, ɗalibai da masu zuwa Umara kan takardar inshorar da ejan ke haɗa musu da tikiti.

Da yawanmu ba ma jin labarin inshorar tafiya sai wajen neman biza. Ƙasashen Turai na Shengen ba sa ba da biza sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, shi kuwa ejan mafi araha yake yanko maka don kada ka ce ya tsawwala. To, wannan takarda ta asibiti ce: ciwo ya kama ka a can, ko a dawo da gawa gida. Ba ruwanta da jirgin da aka soke ko ya makara.

Alhali abin da ya fi cin kuɗinmu a nan Arewa shi ne makarar. Da hunturu hazo kan rufe filin jirgin Malam Aminu Kano, jirgin safe ya koma na La'asar, ko a ce sai gobe. Mutum kuma ya yanki tikitin Kano zuwa Legas daban, na Legas zuwa Landan daban, don ya fi sauƙi. Na farko ya makara, na biyu ya tashi ya bar shi, aka rubuta cewa bai zo ba, kuɗi sun bi ruwa. Ya je kanta da jaka a hannu yana faɗa, a ce masa hazo ikon Allah ne. Kuma da gaskiyarsu. Ko dokar Tarayyar Turai ta 2004, mai ba fasinja diyyar Yuro 250 zuwa 600, ta yafe wa kamfani diyya idan rashin kyawun yanayi ne sanadi.

Don haka kafin ka biya kuɗin inshorar tafiya, ka sa ejan ya nuna maka a rubuce: idan rashin lafiya ko rasuwar wani naka ta sa ka fasa, za a mayar maka da kuɗin tikiti da na otal? Jinkirin awa nawa ake lissafawa kafin a fara biya? Wasu awa shida, wasu sai sha biyu. Ka kuma tambayi batun tikiti biyu daban-daban, domin nan ne ake yawan zillewa. Hana biza ma galibi ba ya ciki, duk da shi ne fargabar kowa.

Ka sayi inshorar ranar da ka biya tikiti; da zarar an sanar da yajin aiki, ba wanda zai ɗauki wannan asarar. Idan jinkiri ya faru, kada ka bar filin jirgi sai ka karɓi takardar kamfanin mai nuna dalili da tsawon lokacin, ka adana rasit na abinci da masauki. Ba su, ba biya.

Mai shakka ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz, sai ya tambaye su abin da suke da shi na tafiya. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbatar yana da lasisin hukumar kula da inshora ta NAICOM.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano