Gwaji a Nanoro, riba a Indiya

Jama'ar Zango da 'yan kasuwar kan iyaka, ku duba wannan lissafi. A 2019 aka fara gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 kan yaranmu 450 a Nanoro, ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto. Ya yi aiki. Amma a Indiya ake sarrafa shi, can aikin yi da riba suka tsaya. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo tana ta yaye masu harhaɗa magunguna, ku kuwa kuna jiran kwalayen magani daga tashar Lome. Da za a gina ZACA a 2003, gwamnati ba ta rasa fili ba, Zangonmu ta rushe. To, ina filin masana'antun magani kusa da jami'a? Kafin ku ba su ƙuri'a, su amsa.