Buɗaɗɗiyar Manhaja: Kyauta Ce, Amma Wa Zai Yi Kiwonta?

A shekarar 2015 ne ƙasashen duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, da niyyar cim musu nan da 2030. Kusan kowannensu ya rataya ne a kan ƙididdiga: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka rasu wajen haihuwa, wane asibiti ne magani ya ƙare masa. Ƙasar da ta kasa tattara irin waɗannan alƙaluma, lalube take yi cikin duhu.

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta sami gurbi, wato manhajar kwamfuta wadda aka bayyana rubutun umarnin da aka gina ta da shi, kowa yana iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Fitaccen misali shi ne DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Tushenta Afirka ta Kudu ne, bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, inda masana daga Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway suka haɗa hannu da takwarorinsu na can. An fara aiki da sabon zubinta a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Yau ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, har da Nijeriya da Nijar, inda rahoton wata-wata na asibitocin karkara yake bi ta cikinta zuwa ma'aikatar lafiya.

Amfanin buɗewar ya fito fili a farkon 2020. Da cutar korona ta kunno kai, ƙwararru 'yan ƙasar Siri Lanka suka sarrafa DHIS2 cikin 'yan kwanaki domin bin sawun matafiya masu shigowa. Ba su jira izinin wani kamfani ba, ba su kuma tsaya ciniki ba. Abin da suka gina ya zama tubalin da ƙasashe da dama suka ɗora nasu a kai.

Sai dai akwai abin da masu yabo kan tsallake. Siri Lanka ta yi wannan sauri ne domin tana da mutanen da suka san cikin manhajar da bayanta. Kyautar doki ba ta zuwa da harawa. Lasisi ne kawai kyauta. Na'urar ajiyar bayanai da lantarki da intanet da albashin injiniya duk kuɗi ne. Masu ba da tallafi kuwa sun fi son ƙaddamar da sabon shiri, mai biki da hotuna, a kan biyan wanda zai zauna yana toshe ɓaraka shekara da shekaru. Matsalar ba ta matalauta kaɗai ba ce: a 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita wajen tsaro, sai ga shi mutane ƙalilan ne ke kula da ita, da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka ƙasar da ta karɓi buɗaɗɗiyar manhaja, amma duk gyara sai ta kira ƙwararre daga waje, ba ta kuɓuta daga dogaro ba. Ubangida kawai ta sauya, daga kamfani zuwa mai tallafi. Ranar da tallafin ya yanke, bayanan marasa lafiya suna nan, mai buɗe su ne babu.

Tanzaniya ta nuna wata hanya, inda masana na Jami'ar Dar es Salaam suka daɗe suna taimaka wa ma'aikatar lafiya wajen tafiyar da DHIS2. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da sassan kimiyyar kwamfuta da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi. Maimakon kundin kammala digiri da zai kwanta a kanta yana shan ƙura, ana iya ɗora wa ɗalibi gyaran wata matsala ta gaske a manhajar da asibitin garinsu ke aiki da ita, sashen Hausa kuma ya karɓi aikin fassara ta domin ma'aikacin lafiya na ƙauye.