Ba Don Kai Aka Ƙera Ta Ba

Akwai wata shawara da dillalan motoci suka yi ta nanatawa har ta zama kamar doka a wurin masu sayen jif: "Alhaji, tunda Allah ya hore, ɗauki ta musamman ɗin ka huta." Abokai su ɗora da cewa ai ita ce mai ƙarfi, ita ce ba ta faɗuwa a kasuwa. Sai ka ga mutumin da iyakar zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ne, daga ofis zuwa ɗauko yara a makaranta, ya ƙara miliyoyi a kan kuɗin Hilux ko Land Cruiser don a ga haruffan GR, alamar ta musamman ɗin, a jikinta. Wannan shawara gurguwa ce, kuma ba tsada kaɗai ce illarta ba. Ga mai hawan yau da kullum, sau da yawa ta musamman ɗin ta fi ta gama-gari rashin daɗin zama da ita, ko da kuɗinsu ɗaya ne.

Motocin da ake kira na musamman iri biyu ne. Na farko kwalliya ce zalla: fenti daban, sitika a ƙofa, jan zare a kujera. Toyota ta fitar da Land Cruiser Heritage Edition samfurin 2020 a Amurka, ta cire mata kujerun layi na uku da matakalar gefe, ta kuma ƙara mata kuɗi. Mai iyali ya biya ƙari, an rage masa wurin zaman yara. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Iri na biyu shi ne abin magana, domin su da gaske suke. Jeep Wrangler Rubicon, wadda ta fara da samfurin 2003, an raɗa mata sunan wata hanyar duwatsu ce a jihar Kalifoniya, kuma don irin wannan hanya aka haɗa ta. Giyarta ta ƙasa tana rage gudu ninki huɗu don mota ta riƙa rarrafe a kan dutse. Tana da na'urar da ke kulle tayoyin hagu da dama su juya tare, gaba da baya, yadda ko ɗaya ta ɗaga sama ɗayar za ta ci gaba da ja. Land Cruiser 300 GR Sport, da ta zo a 2021, ita ma tana da makullan nan biyu. Aiki ne na gwaninta, ba musu. To amma a kan kwalta ba a kunna su. Idan ka kulle tayoyi a busasshen titi, mota ba za ta sha kwana yadda ya kamata ba, ƙarafunan ƙasa kuma su ci wuya. Ke nan abin da ka biya kuɗinsa yana nan kwance a ƙarƙashinka daga Litinin zuwa Lahadi, kana ɗauke da nauyinsa cikin cunkoson titin Zoo ko na Nyanya.

Labarin Ford Ranger Raptor ya fi ban mamaki. An sa mata shokazoba ta kamfanin Fox don ta yi gudu a rairayi, ta yi tsalle ta dira lafiya. Sakamakon haka, nauyin da kamfanin ya yarda ta ja bai wuce kilo 2,500 ba, alhali Ranger ta gama-gari tana jan 3,500. Kayan da za a lafta mata a baya ma sun ragu. Wanda ya saye ta da niyyar ranar Asabar ya kai taki gona, ko ya kwaso buhunan masara zuwa Dawanau, ya biya kuɗi mai yawa ya sami a-kori-kura mai ƙaramin ƙarfin ɗaukar kaya.

Sai taya, wadda ita ce mai hawa zai ji a jikinsa kullum. Manyan tayoyin nan masu haƙora na taɓo suna gurnani a kan kwalta tun daga Zariya har Abuja, suna cinyewa da wuri, kuma idan an yi ruwa birki ba ya kamawa da sauri kamar na tayar titi. Suna kuma ƙara shan mai. Da can, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum zai iya kau da kai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, wannan kau da kai ya zama lissafin da ke fitowa a ƙarshen kowane wata.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi: ai hanyoyinmu sun lalace, dole sai mota mai jure wahala. Gaskiya ne sun lalace. Amma rami a kan titi ba dutsen hawa ba ne. Abin da rami da ruwan da ya kwanta da damina suke nema shi ne mota mai tsawo daga ƙasa, taya mai kaurin gefe da za ta shanye duka, da kayan ƙafa da bakanike zai samu a yau ɗin nan. Duk waɗannan suna jikin ta gama-gari. Hasali ma na musamman ɗin da ake yi don ƙawa, masu faffaɗan gwangwani da siririyar taya, su ne rami ɗaya ke fasa wa taya ya lanƙwasa gwangwanin.

A tambayi waɗanda suke shiga jeji da gaske mana. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku, inda lalacewar mota ke iya zama ajali, farar Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya suke hawa, marar ado ko ɗaya. Ƙungiyoyin agaji da ke kai magani ƙauyuka sun daɗe da riƙe Land Cruiser 70, samfurin da ake ƙerawa tun 1984 ba tare da an sauya masa tsari sosai ba. A watan Janairun 1987 sojojin Chadi sun fatattaki dakarun Libiya masu tankokin yaƙi a Fada, a kan a-kori-kurar Toyota, har aka riƙa kiran wannan zango na rikicin Yaƙin Toyota. Waɗannan mutane sauƙin gyara suke nema, domin sun san a tsakiyar rairayi babu kwamfutar da za ta karanta musu matsalar inji.

Gyara kuwa shi ne inda ake kuka. Ranar da ɗan adaidaita sahu ya goge maka bamba ko ya fasa fitila, mai Hilux ta gama-gari zai aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kafin la'asar an ɗaura. Kai kuwa taka bambar daban ce, fitilar daban, shokazobar daban, sai an yi odar su daga Dubai, da dala, bayan naira ta sha kashi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Mota na zaune a gareji, kana hawan ta madam. Injinan zamani masu tobo biyu ma sun fi tsohon inji mai lita 4.0 ko 2.7 tsantsani wajen mai, mu kuwa fetur iri ɗaya ake zuba wa kowa, kuma ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ya kwantar da motoci ba.

Batun cewa ba ta faɗuwa a kasuwa yana da ɗan gaskiya, amma ga wanda ya saya ya lulluɓe ya ajiye. Wadda ake hawa kullum, kilomita na taruwa, rana na cin fenti, mai saye na biyu inji zai saurara, ya gwada giya da na'urar sanyi, ya nemi takardun kwastam. Ga shi kuma kasuwa ta cika da tsofaffin Prado da aka sauya wa fuska aka manna musu lambar sabon samfuri, har masu saye sun daina yarda da rubutun jikin mota.

Abin da ya rage shi ne dalilin da ba a faɗa: a gan ni. Ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya burge shi da kuɗinsa, sai dai ya kira shi sha'awa, ya daina fakewa da lalacewar hanya. A zamanin da matafiya ke addu'a kafin su hau wasu manyan hanyoyin Arewa, ban ga hikimar biyan ƙarin kuɗi don a fi ganin ka daga nesa ba.

Kafin mutum ya amsa wa dillali, ya tuna rabon da ya sa giyar da ke jan tayoyi huɗu a motar da yake hawa yanzu. Littafin da Toyota ke sakawa a cikin Hilux yana umartar mai ita ya riƙa sa wannan giya na aƙalla kilomita 16 a kowane wata, don kada kayan gaba su bushe saboda rashin aiki. Kamfanin da kansa ya san mafi yawan masu saye ko ta gama-garin ba su taɓa kai ta inda za ta gaza ba.