Gidajen Abincin Amurka da Zaɓin Mai Saye



Ranar 31 ga Janairun 1990, ana tsananin sanyi a birnin Mosko, jama'a suka yi dogon layi a dandalin Pushkin, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, wasu sun shafe sa'o'i a tsaye. Ranar ce McDonald's ya buɗe shagonsa na farko a Tarayyar Sobiyat, kuma kafin a tashi an sallami mutum wajen dubu 30. KFC kuwa tun 1987 ya shiga Beijing, yau shagunansa a ƙasar Sin sun haura dubu 10, fiye da ninkin waɗanda yake da su a Amurka. Guguwar ta iso mu ma: KFC ya sauka Legas a 2009, Domino's ya biyo baya a 2012.

Duk sa'ad da aka soki waɗannan kamfanoni, masu kare su kan ce ai ba wanda aka ɗaura wa igiya aka ja shi ciki, kuɗinsa ne, bakinsa ne. Maganar nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Da McDonald's ya shiga Indiya a 1996, dole ya ajiye naman shanu, abin da aka san shi da shi a duniya, ya koma cusa soyayyen dankalin Turawa mai yaji cikin burodi. A Sin, KFC na sayar da kunun shinkafa da safe. A Najeriya sai da ya haɗa da dafa-duka. A Filifin, wani kamfanin gida mai suna Jollibee, wanda Tony Tan Caktiong ya kafa, ya sha gaban McDonald's don ya fi shi sanin ɗanɗanon mutanensa. Bolibiya kuwa, a 2002 McDonald's ya tattara komatsansa ya bar ƙasar, ciniki ya ƙi. Wanda ya girma da tukunyar mahaifiyarsa, ba a juya masa harshe da sauƙi.

To, amma wannan babba ke nan. Yaro fa?

Nan ne damuwata take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kamfanonin nan sun fi kowa sanin haka. Tun 1979 McDonald's ke sayar da wani ɗan kwali mai launi, Happy Meal, abinci a ciki tare da abin wasa. Ku dubi yadda abin ke faruwa. Yaro ɗan shekara biyar na bayan mota, ya hango allon shagon, ya fara "Baba, Baba" yana nuni da yatsa. Aka shiga, aka saya. Ya ture naman gefe, ya yage ledar abin wasan. Mako mai zuwa an fito da wani sabo, sai an dawo. A haka bakinsa ke sabawa da gishiri da suga da mai, da lemon kwalba mai sanyi a kan kowane abinci. Bayan shekara ashirin zai ce wannan shi ne abin da yake so, alhali tun bai san ƙirga kuɗi ba aka zaɓa masa.

Sannan akwai batun sani. In ka tsaya wurin mai tsire, a gabanka yake yanka naman, a gabanka yake barbaɗa yaji, kana iya cewa ya rage. A waɗancan shaguna abinci a naɗe yake fitowa daga bayan kanta. Amurka da kanta ta ga haka: tun 2018 doka ta tilasta wa duk kamfanin da ke da rassa 20 ko fiye ya rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsa. Ƙasar Chile ta wuce nan. A 2016 ta fara manna baƙin tambari a kan kayan abincin da suga ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana tallata su ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, ta kuma hana haɗa su da abin wasa.

Ban ce a rufe shagon kowa ba. Yawancin rassan nan 'yan kasuwa ne ke biyan kuɗin amfani da sunan kamfanin, matasanmu na samun aiki, masu kiwon kaji na samun kasuwa. Amma hawan jini da ciwon suga sun riga sun shiga gidajenmu, kuma magani tsada gare shi. Saboda haka kirana ga NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da takwarorinta na Nijar da Ghana shi ne: abin da kamfanonin nan ke rubuta wa ɗan Amurka, su rubuta wa namu, da harshen da zai iya karantawa, kuma dokar ta hau kan manyan gidajen abinci na gida kamar yadda ta hau kan baƙi. Tallan da ake auna ƙananan yara da shi kuwa, a taka masa birki tun rassan ba su cika Kano da Kaduna da Yamai ba.